Gwangwanin Da Ke Ƙarƙashin Gado

'Yar'uwa, ga wata tambaya da na daɗe ina jin nauyin yi a gaban Zumuntar Mata. Macen da ta ce ta dogara ga Ubangiji, amma tana da gwangwanin kuɗi ɓoye a ƙarƙashin gado, bangaskiyarta ce ta yi rauni ko kuwa hankali ne gare ta? Ni dai na taɓa ajiye irin wannan gwangwani, na madara ne, kuma har yau in na tuna da shi sai in sunkuyar da kai.

A Gusau nake aure. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, maigidana kuwa direba ne, kusan kullum yana kan hanyar Funtuwa wadda ta ratsa ta Tsafe. Matar da mijinta ke bin wannan hanya ba sai an yi mata bayanin tsoro ba. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, in ya fita da sassafe ba na sake jin ɗuriyarsa sai ƙarar mota a ƙofar gida. Mahaifiyata tana nan Bungudu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma sai in kwana biyar ban san ko ta tashi lafiya ba. To a lokacin ne na fara ajiya. Duk kwasar adashi sai in zare wani abu in jefa a gwangwani, ban gaya wa kowa ba, har shi maigidan. A raina na raɗa musu suna: kuɗin ranar da za a ce mini an ɗauke shi.

Ranar kuwa ta zo, sai dai ba gidana ta shigo ba. Wajen ƙarshen 2022 aka tare mota a hanyar Tsafe, aka shiga daji da mutane, cikinsu har da ɗan maƙwabciyata. Musulma ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ke aiko mini da naman Sallah, ni ke aika mata da shinkafar Kirsimeti. Ta shigo bayan magariba ta zauna bakin tabarma, muryarta ko fita ba ta yi, ta ce, "Yaya, sun ce mu haɗa kuɗi kafin Juma'a. Ko nawa ne, don Allah." A daren nan akwai naira 60,000 a gwangwanina. Na kwance bakin zane na ba ta 2,000, na ce, "Kin dai ga yadda kasuwa take. Zan sa shi a addu'a." Kuma na yi addu'ar, har da hawaye, na durƙusa a gefen gadon da kuɗin ke ƙarƙashinsa.

Na san akwai masu cewa biyan kuɗin fansa shi ke ƙara wa ɓarayin ƙarfi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ni ma da ita na riƙa lallashin kaina. Amma in don wannan ne, me ya sa nake tara irin kuɗin domin nawa mijin? Tsoro ne kawai, ya ɗaura zanen hankali ya zauna a ɗakina.

Da na koma ga Littafi Mai Tsarki sai na tarar da ajiya iri biyu. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ba wanda ya ce masa ba shi da bangaskiya, domin da yunwa ta zo buɗe rumbunan ya yi, har baƙi daga wasu ƙasashe suka samu. Ga kuma Isra'ilawa a jeji, an ce kowa ya ɗebi manna ta yini guda, waɗansu suka ɓoye ta gobe saboda ba su yarda gobe za a sake ba su ba, gari ya waye ta yi tsutsa tana wari. Kin ga duka ajiya ce, bambancin yana wurin buɗewa. Har gwauruwar nan ta Zarefat, ita da annabi Iliya ba ƙabilarsu ɗaya ba, gari ɗan kaɗan ya rage mata da ɗanta, kuma ina da tabbacin hannunta na rawa ta tuƙa masa. Ba a ce tsoro ya bar ta kafin ta bayar ba.

Tawa mannar ma ba ta daɗe ba ta yi tsutsa. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗina duk tsofaffi ne. Dole na fito da gwangwani a gaban maigida, waɗansu takardun har sun yi fumfuna. Ya dube su ya dube ni, ya ce, "Ashe tun ina raye kike zaman makokina." Na yi yini biyu a layin banki na zuba su, sababbin kuma suka gagara samu. Gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, amma kafin nan na yi makonni ina cin bashin gyaɗa. Kuɗin da na hana mai kuka, ni ma ba su share mini hawaye ba.

Kada ki ce na ce ki daina tanadi, a'a. Tsuntsayen da Yesu ya ce mu duba ai ba a sheƙa suke wuni ba, fita suke yi nema. Damuwa ya hana mu, bai hana mu aiki ba. Har gobe ina adashi, ina ware zakka da kuɗin makarantar yara, maigida ya san inda komai yake. In ya kama hanyar Tsafe gabana yana faɗuwa kamar da, sai dai yanzu bakina nake buɗewa in gaya wa Ubangiji tsoro nake ji, maimakon in je in ƙirga takardu a duhu.

Yaron ya dawo bayan sun sayar da gonarsu sun kuma ci bashi. Sai cikin damina na iya tattara ƙarfin hali na shiga gidansu da naira 30,000 a ƙulle, na gaya mata gaskiyar abin da na yi. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana tsince shinkafa. Can ta ce, "Yaya, ai na sani tun a daren. Ina magana idonki yana komawa ɗaki." Ta karɓa, ta ce za ta rage bashin da su, sannan ta ƙwala wa yaron kira ya zo ya gaishe ni.