Wa Ke da Alhakin Abin da Aka Tura Bayan Ganuwa?

A birnin Hamburg da ke arewacin Jamus, kusa da gaɓar kogin Elbe, akwai wani titi mai suna Reeperbahn. Tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, amma sunansa ya zagaye duniya saboda mashaya da gidajen rawa da na wasan kwaikwayo da kuma karuwanci. Tarihinsa yana ɗauke da wata tambaya da ta shafi duk garin da ke ikirarin tsoron Allah: idan al'umma ta ware wuri guda ta tattara abin da take ƙyama a can, ta ja iyaka ta koma gida, shin ta fita daga alhakinsa? A ganina ba ta fita ba. Katanga tana raba idon mutum da abin da ba ya son gani, amma ba ta da ikon raba shi da abin da kuɗinsa da ƙafarsa da shirunsa suka raya.

Tsakanin 1616 da 1625 Hamburg ta kewaye kanta da sabuwar ganuwa, kuma abin da bai samu gurbi a ciki ba aka bar shi a tudun da ke yamma da ƙofar Millerntor. Can masu tufkar igiyoyin jiragen ruwa suka koma, domin sana'arsu tana buƙatar dogon fili miƙaƙƙe inda mutum zai riƙa ja da baya yana murɗa zare, kuma daga gare su titin ya samo suna. Can aka gina asibitin masu annoba, can aka tura masu narka kitsen manyan kifayen teku saboda ɗoyi. Da magariba ta yi sai a rufe ƙofa, daga baya aka sassauta ya zama wanda ya makara sai ya biya kuɗi kafin ya shiga, kuma ba a daina wannan ba sai ƙarshen 1860. Ma'aikatan jirgi da suka shafe watanni a teku suna sauka da albashi a aljihu, sai masu giya da makaɗa da mata masu zaman kansu suka tare inda ba a rufe musu ƙofa. Tun 1795 aka soma kafa rumfunan 'yan wasa a dandalin Spielbudenplatz. Attajiran da ke barci a cikin ganuwa su ne masu jiragen, su suka ɗauki waɗannan samari aiki, su suka ci ribar tafiyar, kuma wasunsu da 'ya'yansu sukan fita ta ƙofar nan kafin a rufe ta.

Abin da ya fi tona asirin wannan tsari yana wani lungu da ya ɓalle daga Reeperbahn, wato Große Freiheit. Hamburg ta rungumi ɗarikar Kirista ta Luta tun 1529, ta kuma ƙuntata wa sauran ɗariku yin ibada a fili. Maƙwabciyarta Altona, inda lungun yake a lokacin, wadda daga 1640 ta koma hannun sarkin Denmark, ta buɗe musu ƙofa tun farkon ƙarni na 17: 'yan ɗarikar Menno da mabiya Kalbin suka samu izinin gina wuraren ibadarsu, masu sana'ar hannu da ƙungiyoyin sana'a suka hana su aiki su ma suka samu wurin zama. Yahudawan Hamburg a Altona suka sayi filin maƙabarta a 1611. Majami'ar Katolika ta St. Joseph da aka kammala a 1723 tana nan har yau a wannan lungu, fuskarta tana kallon fitilun gidajen rawa. Mai annoba da mai tufkar igiya da mai addu'a ta wata hanya da mai sayar da jikinta, duk gefe guda aka tura su. Da laifi ake aunawa, da ba a haɗa su ba, domin mara lafiya bai yi wa kowa laifi ba, mai sana'a ma haka. Abin da ya haɗa su kawai shi ne manyan gari ba sa son ganinsu.

Mai ilimin addini zai ce na yi gaggawa, kuma hujjarsa tana da nauyi. Musulunci ya yi horo da rufin asiri, ya kuma tsananta a kan mai bayyana saɓo yana alfahari da shi. Idan ba a iya kawar da ɓarna ba, ashe killace ta nesa da idon yara bai fi a bar ta ta bazu unguwa-unguwa ba? Na yarda kare yara wajibi ne. Sai dai rufin asirin da malamai suka yi bayani ya shafi mutum ɗaya da ya faɗa wa kuskure ya ji kunya, sai a rufe shi domin a bar masa hanyar tuba. Unguwar da hukuma ta shata, take karɓar harajinta, masu gidaje ke karɓar hayarta, wani abu ne daban, domin a can asirin mai zuwa ake rufewa, ita kuwa wadda ke zaune a ciki an rubuta mata suna a goshi. A duba lungun Herbertstraße da ke kudu da titin. A 1933 gwamnatin 'yan Nazi, wadda ke ta kururuwar tsabtace ɗabi'a, ta ga ba za ta iya hana karuwanci a nan ba, sai ta sa aka kafa shinge a bakin lungun ta kowane gefe domin kada mai wucewa ya gani. Shingen yana nan, maza suna kewaya shi su shiga, matan suna zaune bayan gilashin taga. Fiye da shekara 90 ke nan, kuma ban ga mace ɗaya da za a ce shingen ne ya fitar da ita daga wannan hali ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai mai cewa ai wurin ya haifi alheri, don haka a daina kuka da shi. Gaskiya ne gidan wasan kwaikwayo na St. Pauli yana aiki tun 1841, gaskiya ne a gidan rawar Indra da ke Große Freiheit 'yan ƙungiyar Beatles suka soma wasa a Hamburg a watan Agustan 1960, suna kaɗe-kaɗe na sa'o'i masu yawa kowane dare, suna kwana a wani ƙuntataccen ɗaki a bayan sinima, kuma nan suka goge kafin duniya ta san su. Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. Garin da ya kori mai fasaha tare da kawali, daga baya ya dawo ya gina wa mai fasahar dandalin tunawa a 2008 yana kiran masu yawon buɗe ido, ya karɓi rabonsa na abin alfahari. To, wa zai karɓi ɗaya rabon? Jamus ta amince da karuwanci a matsayin sana'a a dokar 2002, duk da haka 'yan sandan ofishin Davidwache ba su huta ba, har sai da aka haramta yawo da makami a yankin a 2007. Wanda ya lissafa kuɗin shigar titin a cikin arzikin garinsa, ba shi da bakin cewa matan da aka yaudaro daga ƙasashe matalauta ba matsalarsa ba ce.

Mu ma mun san wannan tsari, domin Turawan mulkin mallaka sun kafa Sabon Gari a bayan ganuwar Kano da sauran birane domin baƙi. Yawancin mazaunansa 'yan kasuwa ne da iyalai masu neman halak ɗinsu, amma sunan unguwar ya kan zo a bakin mutane da wata irin murya, alhali wasu motocin da ke tsayawa a ƙofar mashayarta da dare daga wasu unguwanni suka taso. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Za a ce idan an rushe irin waɗannan wurare ɓarnar ƙarƙashin ƙasa za ta shige, inda ba mai ganin zaluncin da ake yi, kuma wannan ma akwai gaskiya a cikinsa. Shi ya sa ban ce a rushe ba, ban kuma ce a ƙyale ba. Abin da na ƙi shi ne natsuwar da ganuwa ke ba na ciki. A Hamburg abin da ya rage ma'aikatan jirgi a Reeperbahn shi ne zuwan kwantena, wadda ta sa jirgi ke sauke kaya cikin sa'o'i ya juya. Baƙon da aka daɗe ana ɗora wa laifi ya daina zuwa, titin kuma bai mutu ba, domin 'yan gari da masu yawon buɗe ido sun cike gurbinsa.