Tonon Tsohon Rumbu: Ceton Haƙƙi Ne ko Tonon Asiri?

Jama'a, Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Su ne kuma dai suka ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. To, wanne za mu bi? Wannan tambaya ta tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce, sa'ad da wani abu ya faru a ƙauyenmu, can wajen Dambatta, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Duk wanda ya san ƙasar Kano ta arewa ya san gona ba abin wasa ba ce. Gida na jikin gida, gona na jikin gona, ba saura ba daji, iyaka kuwa ba ta wuce layin gamba ko aguwa. A farkon zamanin Turawa malaman taki sun riƙa auna gonakin Kano da ƙafa saboda haraji. A 1965 kuma Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu kan cunkoson jama'a da gonaki a kewayen birnin. Inda ƙasa ta yi tsada haka, mantuwa ma tsada gare ta.

Rigima ce ta tashi kan wata gona. Marayu suka ce jingina mahaifinsu ya bayar, mai riƙe da ita ya ce saye ya gada. Shaidu sun riga mu gidan gaskiya, takarda kuwa gara ta cinye. Sai wani dattijo ya tuna cewa marigayi baffana, lokacin da yake magatakardan ƙungiyar manoma, yakan shigar da irin waɗannan al'amura cikin wata babbar kwamfuta, irin wadda ake kira uwar garke. Muka same ta a ɗakin ajiya, ƙura ta rufe ta, zanzaro ya yi gini a ciki.

Na gayyato wani abokina mai karatun kwamfuta. Bai yarda ya kunna ta nan take ba. Ya share ƙura, ya sake ɗan batirin da ke riƙe mata kwanan wata, ya canza abin da ke raba mata wuta, sa'an nan ya ciro rumbunan ajiyarta. Ya ce a cikin kowane rumbu akwai faifai masu juyawa, bayani kuwa da maganaɗisu ake rubuta shi a kansu, kuma tsohon rumbu yana iya tashi yau gobe ya ƙi. Saboda haka sai da ya kwafe shi ɗungurungum zuwa wani sabo, ya yi aiki a kan kwafin. Alhamdu lillahi, muka sami batun gonar: jingina ce, ga adadin kuɗin, ga sunayen shaidu.

Da a nan aka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma abokina ya nuna mini wani abin mamaki. Ashe idan aka goge abu a irin wannan rumbu ba ya gushewa. Sunansa kawai ake cirewa daga jeri, shi kuwa yana nan kwance har ran da aka rubuta wani a kansa. Watau kamar a tuge gambar iyaka ne, gonar tana nan inda take. Cikin abin da aka goge sai ga jerin mutanen da marigayi shugaban ƙungiyar ya ranta wa hatsi da kuɗin taki daga aljihunsa a wata shekara ta fari. Waɗansunsu yau dattawa ne masu rawani, wani ma surukin gidanmu ne.

Abokina ya ce a miƙa wa magada, dukiyarsu ce. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, domin kada haƙƙi ya salwanta. Idan kuskure ne ya goge jerin, to shirunmu cin dukiyar magada ne. Bugu da ƙari, al'ummar da ba ta ceto abin da ta ajiye, ita ce ke wayar gari ba ta da tarihi. Dubi Ingila: littafin ƙidayar filaye na Domesday da aka rubuta a 1086 har yau ana karanta shi, amma wanda BBC ta yi a faifan zamani a 1986, kafin 2002 na'urar karanta shi ta yi wuya, sai da masana suka yi aikin ceto.

Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Ita wannan sura ɗin dai ta nuna cewa yafe wa matalauci bashi ya fi alheri, Suratul Hujurati kuma ta hana binciken asirin mutane. In marigayin da gangan ya sa aka goge, to sadaka ya yi a ɓoye, mu kuma za mu tone ta mu mai da ita abin kunya. Ga inda gizo ke saƙar: na'ura tana ajiye rubutu, amma ba ta ajiye niyya. Gogewar kuskure da gogewar yafiya kamanninsu ɗaya a kan faifai.

Muka tafi wurin liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muka tono, mun rasa yadda za mu yi da shi." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Samari, me aka aike ku nema?" Muka ce batun gona. Ya ce, "To shi za ku kai gaban jama'a. Ɗayan kuwa ba naku ba ne, ba na gari ba ne. Mai shi yana da ɗa." Da dare aka kira babban ɗan marigayin shi kaɗai. Bai ko karɓi takardar ba, ya ce abin da mahaifinsa ya share, ba shi ne zai sake rubuta shi ba.

Abin da na fahimta shi ne, iya tono abu daban, cancantar ganinsa daban. Mai ceton bayani kamar mai haƙar rijiya ne a gidan mutane: an kira shi ya fito da ruwa, ba ya ba da labarin abin da ya gani a tsakar gida ba. Sharuɗɗa uku nake ganin sun wajaba a kansa. Na farko, ya yi tono saboda haƙƙin wani, ba don son jin ƙwaƙwaf ba. Na biyu, abin da ya ci karo da shi ya kai wa mai shi a asirce, kada ya ɓoye, kada kuma ya yaɗa. Na uku, ya tuna cewa mutum ne ya shigar da rubutun, mutum kuwa ajizi ne. Ko batun gonar ma bai tabbata ba sai da dattawa suka bi sunayen shaidun, iyalansu suka gaskata, sa'an nan aka yi sulhu.

Amma fa ban ce na kashe bakin zaren ba. Da ɗan ya ce a biya shi, shin da mun yi wa mamacin adalci? Mu ɗaliban Hausa wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mu ma masu tono ne, kullum muna cikin kundayen magabata da wasiƙunsu da kasakasan hirarsu. Ina fatan wani daga cikin masu karatu zai ɗora a fitowa ta gaba. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.