Suka ko Caccaka?

Ran kasuwa wani yaronmu da ke karatu a Minna ya zauna bakin shago yana karanta mana kanun labarai daga waya. Kusan kowane layi sai kalmar Turancin nan "blast" ta fito: wane ya yi wa gwamna, wane ya yi wa minista. Muka ce, yaro, ba ita ce ta bam ba? Ya ce ita ce, Baba. Ita jaridu suka buga da bam ya tashi a ofishin INEC na Suleja a watan Afrilun 2011, ita suka sake bugawa bayan na cocin Madalla ranar Kirsimetin shekarar. Yanzu kuma ɗan siyasa na ɗaga murya sai a ba shi ita.

Kafin mu ga laifin Bature, mu leƙa gida. Masu labaran Hausa "caccaka" suke cewa, daga caka, aikin wuƙa ko tsinke, kuma ba sau ɗaya ba. "Suka" ma da muke ɗauka mai sauƙi, ai ta mashi ce.

Ba muna cewa a yi shiru ba. Wanda ya ga ana cin amanar jama'a ya kame baki, da shi aka ci. Amma Annabi Musa da Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, da aka tura su wurin Fir'auna, magana mai taushi aka umarce su da ita. Wa muke da shi a Izom da ya kai Fir'auna?

Bara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse bai cika ba. Ma'ajin dattijo ne, kuma gaskiya ya yi kuskure: ya ranci wani abu a ciki bai faɗa ba. Maimakon mu same shi a zaure mu biyu ko uku, sai muka taɓa zancen bayan Magariba, ba suna, amma kowa ya gane. Kafin Isha'i matasa sun kai shi WhatsApp, har da 'ya'yansa a ciki. Su suka caccaka, amma mu muka miƙa tsinken.

Ya biya kuɗin cikin mako biyu. Tun daga nan a wani masallaci yake salla. Kuɗin na nan a ajiye, rijiya ba a gyara ba, don duk wanda muka tara da zancen ma'aji sai ya ce a nemi wani.