Faifan Dalma Mai Tace Haske

A sashen binciken cuta da sinadaran nukiliya, irin wanda ke Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, akwai wata kyamara da ba ta haska majiyyaci, domin daga jikinsa hasken ke fitowa. Akan yi masa allurar wani sinadari, galibi teknitiyam-99m, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan awa 6. Sai ya taru a ƙashi ko ƙoda ko zuciya, yana fitar da hasken gamma da ido ba ya gani. Ba'amurke Hal Anger ne ya ƙera wannan kyamara a 1957.

Shi wannan haske fantsama yake yi ta ko'ina, kuma babu gilashin da ke iya tanƙwara shi. Shi ya sa aka girka wa kyamarar mai gadi a gaba: kolimeta, wani faifan dalma mai nauyi da dubban ramuka masu kusurwa shida. Faɗin kowane rami bai kai milimita 2 ba, bangon da ke tsakaninsu kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne.

Wasu maƙeran kan murje dalma ta zama falle, su yi mata tudu da kwari, su jera su manne. Wasu kuma zubi suke yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu buga bulo ya ga tushen dabarar: ƙarfen da ke tsakiyar injin shi ke barin rami a cikin bulo. Haka nan ake kafa dubban siraran sanduna a tsaye, a narka dalma a zafin da ya haura digiri 327, a kwarara a tsakaninsu, in ta daskare a zare su ɗaya bayan ɗaya.

Wahalar aikin duk tana ga daidaito. Ramukan da suka karkace kan sa hoto ya nuna ciwo a inda babu shi. Bango in ya cika siranta, hasken da ya zo a kaikaice sai ya ratsa ya dagula hoton. In ya cika kauri, kyamarar ta makance.

Abin mamakin shi ne, cikin ƙwayoyin haske kusan 10,000, ɗaya tak ke wucewa, wadda ta zo kai tsaye daga tushenta. Sauran kuwa, waɗanda suka iso faifan duk dalma ke shanye su. Ashe da yawan abin da kyamarar ta ƙi karɓa take samun ganin gaskiya.

Haka Allah ya bar zuciyar ɗan Adam a tsakiyar labarai masu fantsama: na majalisa, na kasuwa, na WhatsApp. Mai karɓar kowane "an ce" kansa cike yake, amma ba ya ganin komai sarai. Wanda ya toshe kunnensa gaba ɗaya shi ma yana cikin duhu. Akwai kuma wanda ramukansa suka karkata tun wajen zubi, ba ya jin magana sai ta ɓangarensu, ga shi kuma yana rantsuwa da abin da ya gani. Kaduna, wadda rikicin shekarar 2000 ya raba mazaunanta tsallaken kogi da tsallaken kogi, ta san tsadar irin wannan karkata.

Maƙerin kolimeta ba ya sakin faifai sai ya gwada shi da haske, ya tabbatar ramukan sun miƙe. Mutum ma ya kamata ya riƙa gwada kansa kafin ya yanke hukunci a kan maƙwabcinsa: daga ina maganar nan ta fito, kuma ta wace hanya ta iso?