Notin da Ke Ƙarƙashin Inji

Ranar da na juye wa babur ɗin yayana baƙin mai, tsoron yoyo ya sa na danne sifana da iya ƙarfina. Nan take notin ya saki, yana ta juyawa ba ya kamawa. Shi notin ƙarfe ne, gindin injin kuwa alminiyum ne mai taushi, don haka haƙoran ramin ne suka cinye. Garin neman gira na rasa ido.

Bakanike ya ba ni zaɓi biyu. Ko dai a naɗe notin da zare, a shafa gam a mayar, ko kuma a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sababbin haƙora, a zura murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe wadda notin zai kama. Na farko araha ne, kuma ba wanda zai sani. Na biyu ya fi ƙarfin aljihuna, sai na faɗa wa Yaya.

Shin kyakkyawar niyya tana ba mutum izinin rufe ɓarnarsa? Da fari na ce i, tunda ba da gangan na yi ba. Amma niyyata ta tsaya ne ga kuskuren jiya, ba ta kai ga ɓoyewar yau ba. In gam ya saki a tsakiyar hanya, mai ya tsiyaye, inji ya buga, Yaya ne a kan babur ɗin, ba ni ba. Kuskure kan auku cikin rashin sani, ɓoye shi kuwa sai da sani.

Da magariba na same shi a zaure, na ce, “Yaya, na yi maka ɓarna.”