Malamar 'Yan Rabin Aji

Ba a sanar da rasuwarta a rediyo ba, babu kuma wani babba da ya aiko da tawagar ta'aziyya. Bayan sallar asuba aka bugo mana waya, da hantsi aka yi mata sutura, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta muna karkaɗe ƙurar ƙafafunmu. Haka ake yi a wurinmu, haka kuma addini ya koyar, ba a jinkirta mamaci. Amma saurin abin ya tsaya mini a rai. Mace ta shekara fiye da ashirin tana fama da 'ya'yan mutane, sallamarta da duniya kuwa ba ta ci rabin yini ba.

Ba zan kama sunanta ba, don ko tana raye ba ta son a ambace ta a bainar jama'a. Malama kawai muke ce mata, kamar babu wata malama a makarantar sai ita. 'Yan rabin aji take koyarwa, yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba, 'yan shekara uku zuwa biyar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da irin waɗannan yara cikin ilimin matakin farko, amma duk wanda ya yi aikin koyarwa a ƙasar Anka ko Bukkuyum ko Gummi ya san yadda abin yake a ƙasa. Rabin aji shi ne ɗakin da babu benci, wani lokaci babu ƙyaure, wani lokaci ma gindin bishiya ne da tabarma. Malamai gudunsa suke yi, suna ganin ƙasƙanci ne ga mai takardar shaida ya zauna yana rarrashin masu kuka. Ita kuwa da bakinta ta roƙi hedimasta ya bar mata shi, kuma ba ta taɓa neman a canja mata ba.

Na sha tsayawa ta taga ina kallon aikinta. Da buta take zuwa, da tsumma, da ɗan wando guda biyu a jaka saboda wanda fitsari ya kufce masa. In hakan ta faru sai ta ja yaron bayan aji ba tare da sauran sun lura ba, ta wanke shi, ta canja masa, ta dawo da shi tana yi masa wata hira daban. Daga zaman yaro take gane wanda ya fito gida bai karya ba, kuma kafin a tashi tara ta riga ta cusa masa ƙuli-ƙuli a hannu. In za ta koyar da rubutu, durƙusawa take yi a bayan yaro, ta ɗora hannunta a kan nasa, su ja allin tare, sau goma, sau ashirin, har ranar da za ta sassauta riƙon a hankali yaron bai sani ba, ya ga harafi ya fito daga hannunsa shi kaɗai. Sai ta ce, "Kun gani? Ɗana ya zama malam." Mu da muke koyar da manyan azuzuwa muna karɓar yara sun iya zama wuri ɗaya, sun iya riƙe fensir, sun iya neman izini kafin su fita, sai mu ɗauka haka Allah Ya halicce su. Ba mu cika tambayar wanda ya sha wahalar ba.

Mun saba ɗaukar mutuwa kamar layi ce, tsofaffi a gaba, yara a can baya. Malama ta daina wannan tunanin tun 2010. A lokacin tana koyarwa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Anka. Farashin zinare ya haura dala 1,000 a kan oza guda a kasuwar duniya, manoma suka juya ga haƙa, musamman da rani. Ana kawo dutsen gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Babu wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, iyaye suna cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wasu su ce sanƙarau, wasu su ce iska. Sai a watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sabbin ƙananan kaburbura, aka gwada jini, gaskiya ta fito. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: yara fiye da 400 suka rasu. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda.

'Yan ƙasa da shekara biyar. Wato dai ajinta, da ƙannen 'yan ajinta da take jiran su iso. Ta taɓa gaya mini cewa a wannan shekarar ta daina kiran suna daga rajista, sai dai ta duba fuskoki ta yi maki a ɓoye, domin ba ta iya jure ta kira suna wani yaro ya amsa mata da cewa, "Malama, ai ya rasu jiya." Da an tashi makaranta sai ta bi gidaje tana yi wa iyaye gaisuwa. Yaran da take zaton su za su yi mata addu'a bayan ranta, ita ta zauna makokinsu.

An yi aiki daga baya, ba za a musa ba. An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, aka riƙa ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauye bayan ƙauye, ko da yake Bagega sai 2013 aikin ya isa gare ta, bayan dogon jiran kuɗi. Sai dai dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, abin da ta ɓata ba ya cika komawa daidai. Waɗanda suka tsira suka zo makaranta, wasu ba sa ji sosai, wasu ba sa iya zama, wasu abin da aka koya musu da safe ya gudu kafin tara. A nan na ga haƙurin da ban taɓa gani a wurin ɗan Adam ba. Akwai wani yaro da ya shafe zango guda a kan harafi ɗaya. Wani malami ya ce mata ta ƙyale shi, ɓata lokaci ne. Ta ce, "Malam, ba shi ya daka dutsen ba." Ta ci gaba da riƙe hannunsa. Yaron bai zama wani abin da duniya za ta nuna da yatsa ba, amma yau yana rubuta sunansa, yana kuma lissafin cinikinsa a kasuwa.

Ban ga laifin wanda ya shiga rami ba. Talauci ne ya tura shi, kuma da ni ne mai 'ya'ya takwas da rumbun da ya ƙare tun kafin bazara, ban san abin da zan yi ba. Amma ina tambayar kaina ina dukiyar ta tafi. Mun ga samarin da suka wayi gari da kuɗin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba, suka sayi babura, suka ƙara aure, aka yi ta kiɗa. Wasu rami ya rufta da su. Wasu kuɗin ya ƙare kafin babur ɗin ya tsufa. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, a lokacin kuwa bindiga ta riga ta cika dajin. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai kusan 200. Magidanta masu shanu da gonaki, waɗanda baƙo ba ya kwana da yunwa a gidajensu, suka shigo garin Anka da tabarma a ka, wasu suka fake a filin sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba. Malama ma gudun hijira ne ya dawo da ita cikin gari. Ba ta yi wata guda ba ta tara 'ya'yan 'yan gudun hijira da yamma tana koya musu baƙi a ƙasa da tsinke, babu wanda ya sa ta, babu wanda ya biya ta. Gummi kuma, inda take da dangi, ruwa ne ya zo mata a watan Agustan 2024, ya rushe gidajen da mutane suka shekara suna tara kuɗin gina su. Wata guda bayan haka kwalekwale ya kife da manoma a kusa da garin, suna kan hanyar gona, kowannensu da shirin abin da zai yi in ya dawo.

Ƙasar nan ta daɗe tana yi mana wannan karatu, mu ne ba ma saurara. Sarautar Zamfara da ke Anka a yau ba a nan ta fara ba. Birnin Zamfara gari ne mai ganuwa da kasuwa da dawakai, har Gobirawa suka ci shi a ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, suka kafa Alƙalawa. Alƙalawa ita ma ta faɗi a 1808. Yau duka biyun kufai ne, mai nasara da wanda aka ci. Gummi ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, muryarsa ta shiga kowane gida ta Rediyon Kaduna. Ranar 11 ga Satumba 1992 ya cika a Landan, aka dawo da shi cikin farin yadi irin wanda aka naɗe Malama da shi. Kujerar alƙalanci wasu sun zauna a kanta bayansa. Abin da har yanzu ake jin ɗuminsa shi ne karatun, kuma shi ma ya taɓa zama malamin aji a Maru, da alli a hannu.

Ina faɗin wannan ne ga kaina kafin kowa. Na san yawan tunanin da na kashe a kan ƙarin girma, da wanda aka ba muƙami aka tsallake ni, da albashin da ya makara, da fansho da ban san ko zan kai gare shi ba. Ba haramun ba ne mutum ya nemi haƙƙinsa, kuma malamin firamare a jiharmu yana da haƙƙoƙi da yawa da zai nema. Malama ma ta nema. Takardar ƙarin girmanta tana wani ofis tana jiran sa hannu ranar da aka ɗauki makararta. Wataƙila a sa hannun nan gaba. Ba zai same ta ba.

Na san ta tana da ƙuruciya, tana tafiyar ƙasa zuwa ƙauye ta dawo, muryarta kuma in ta ja wa yara waƙar ƙirge ana jin ta har bakin titi. Na ga lokacin da gwiwa ta fara hana ta durƙuso, ta koma zuwa da 'yar kujerar tsuguno. Na ga lokacin da ta fara miƙa rajista nesa da ido kafin ta karanta. A zangon ƙarshe murya ta dushe, sai ta naɗa wata yarinya mai wayo tana maimaita wa aji abin da ta faɗa. Duk wannan a gabana ya faru, a hankali, ina gaishe ta kowace safiya ina cewa Allah Ya ƙara sauƙi, ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma gemuna fari yake yi a daidai wannan lokacin ba.

Da aka buɗe akwatinta, tufafi ne kaɗan, da takardun shaidarta, da tsoffin rajistoci da ta ƙi yarwa. Bashin da ake bin ta bai kai kuɗin buhun gero ba, ƙaninta ya biya a wurin. Ranar sadakar uku wani saurayi ɗan kabu-kabu ya jingine babur ɗinsa ya shigo zauren, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce, "Baba, gaskiya ban tuna fuskarta ba. Inna ce ta ce lallai in zo, wai ita ta koya mini riƙe alli." Haka aikin yake. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya riƙe sunan wanda ya yi masa alheri. Yana tuna malamin sakandare, yana tuna wanda ya doke shi a aji shida, amma hannun da ya fara ɗorawa a kan nasa yakan ɓace masa. Malama ta san haka sarai. Ta yi aikin da ba a gode wa mai shi, ta yi shi shekara da shekaru, ta bar sakamakon ga Wanda ba Ya mantuwa. Malamai sun karantar da mu cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari. Muna kyautata mata zato da wannan.

Ita ta gama nata. An tambaye ta abin da za a tambaye ta, mu ba mu ji ba. Mu ne muka rage, da sauran kwanakin da ba mu san adadinsu ba. Wata asuba za a buga waya saboda ni. Wasu za su zo, wasu aiki zai hana su. Za a ba wani ajina. Ni kuma zan tsaya gaban Mahaliccina da abin da na aikata, ba da abin da na yi niyyar aikatawa in na samu sarari ba.

Allah Ya jiƙan Malama. Allah Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata mata makwancinta. Allah Ya haɗa ta da yaran da suka riga ta. Allah Ya ba iyalanta haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.