Mai gurasa a kan keke

Ranar farko ta ɗalibai a Alkahira kusan tsarinta ɗaya ne, ko daga wace ƙasa ayarin ya taso. Da sassafe bas na tsaye a ƙofar masauki, malami yana ƙirga kai, jagora ɗan ƙasa yana karanto inda za a je: dalar Giza kafin rana ta take, gidan tarihi da hantsi, Masallacin Azhar da kasuwar Khan el-Khalili bayan la'asar. Hankalin kowa ya riga ya tafi wurin dala, shi ya sa ba a cika leƙa taga ba.

A tagar kuwa akwai abin kallo. Cikin cunkoson safiya, motoci sun cushe ana ta danna hon, sai ka ga saurayi ya ratso a kan keke. A kansa akwai wani faffaɗan abu na sanduna, tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki, wani lokaci har hawa biyu, an jera masa gurasa reras, da ɗuminta daga tanda. Hannu ɗaya yana tallafe da kayan, ɗayan yana tuƙi. Ya kurɗa tsakanin bas da tasi, bai sauke ƙafa ba, gurasa ko ɗaya ba ta faɗo ba. Ɗalibi ɗaya ko biyu su yi masa hoto, su yi dariya, shi ke nan an wuce.

A ganina wannan saurayin bai kamata a wuce shi haka ba, domin abin da za a tarar a Giza yana da dangantaka da kayan da ke kansa.

A gindin babbar dala, ta Fir'auna Khufu, jagora zai zayyano lissafi. An gina ta shekaru kusan 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya kai mita 146. Duwatsun da ke jikinta sun kai kimanin miliyan 2.3. Ɗalibi ya tsaya kusa da dutsen layin ƙasa, ya ga ya kawo masa ƙirji, ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Nan ake yin tambayar da ba ta taɓa tsallake ayari: "Malam, wai su wa suka ɗora waɗannan duwatsu?" Ba a rasa wanda zai ce ai sai dai aljanu.

Amsar tana nan kusa, kudu da gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, a wani fili da bas ɗin 'yan yawon buɗe ido ba ta tsayawa. Can masu tonon tarihi suka gano garin ma'aikatan da suka yi aikin ginin dala a Giza. A 1990 aka ci karo da kaburburansu, a 1991 aka tono gidajen gasa gurasa, da manyan tukwanen yumɓu waɗanda ake zuba ƙullu a ciki a binne su cikin garwashi. An samu ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki masu ɗimbin yawa, da ƙayar kifi. Wasu gawawwakin ma an ga alamar karaya da aka ɗora ta warke, wato akwai masu ɗori a wurin. Mutane ne irinmu suka ja duwatsun nan, kuma kullum sai da wani ya yi sammako ya hura wuta, wani ya niƙa, wani ya kwaɓa, wani ya ɗauka ya kai musu. Da tanda ta mutu mako guda, da aikin ya tsaya cak. Sunan sarki ne ya wanzu a kan dala, amma ni na fi jin tausayi da girman waɗanda suka kwana gaban wuta.

Har gobe Masar ba ta wasa da wannan abinci. Tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama daga waje, gwamnati kuma tana biyan tallafi don talaka ya samu gurasa da araha. A watan Janairun 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta taɓa tallafin kayan abinci, jama'a suka fito tituna, cikin kwana biyu aka janye matakin. Farashin gurasar tallafi ya zauna wuri guda sama da shekara 30, sai a 2024 aka ɗaga shi. Ɗalibin siyasa ko na tattalin arziki da ya lura da layin da ke ƙofar gidan gurasa ya samu darasin da gidan tarihi ba zai ba shi ba.

Da la'asar sakaliya ayari kan isa Azhar a gajiye, ƙafafu sun yi nauyi, wasu tuni hankalinsu ya koma kan tsarabar da za su saya a kasuwa. A cire takalma, a shiga farfajiyar farin marmara, jagora ya ce an fara ginin a shekara ta 970, zamanin Fatimiyyawa, aka gama a 972. Da malami zai ja ɗalibansa gefe, da ya gaya musu cewa a da an kasa almajiran masallacin nan zaure-zaure, kowace ƙasa da nata, kuma akwai zauren mutanen Borno. Almajiri ya keto Sahara ya iso ba shi da kowa a birnin. Abin da ya riƙe shi ya zauna gaban malamai shekara da shekaru shi ne rabon gurasa da ake ba ɗalibai kullum daga dukiyar wakafi, wadda attajirai da sarakuna suka keɓe musamman don haka. Ana rubuta sunansa a rajista, yana karɓar kasonsa, in ya yi dogon fashi a ba wani da ke jiran layi.